Ziyarar da na kai wa su Imamu Warshu a maƙabartar Alƙahira

Jinya ce ta kaini Masar. Ƙarshen 2022 na raka Yayana aka yi masa aikin gwiwa a Alƙahira, to duk wanda ya taɓa zaman jinya yasan yadda abin yake, kwanakin farko baka da lokacin kanka ko kaɗan, amma da Allah yasa aka yi aikin lafiya aka sallame mu muka koma masauki a Madinatu Nasr sai ya zama ba abinda ya rage sai zuwa gashin ƙashi sau uku a sati, sauran kwanakin zaman ɗaki ne kawai. Akwai ɗan yayarmu dake karatu a Azhar, shekararsa ta huɗu kenan a lokacin, shine idonmu shine bakinmu a garin.

Wata rana muna dawowa daga asibiti ta titin Salah Salim na hango wata unguwa a gefen hanya, gidaje gajeru kalar ƙasa, ga ƙubbobi da hasumiyoyi birjik, ta miƙe har gindin dutse iya ganinka. Nace masa wai wannan wace unguwa ce ba bene a cikinta, a garin da kowa ke kwana a sama? Yace Kawu ai maƙabarta ce, Ƙarafa kenan. Sai ya fara lissafo min waɗanda ke kwance a ciki, Imamu Shafi'i, Imamu Laisu, Suyuɗi, Ibnul Ƙasim, Shaihu Halilu mai Muhtasar, can sai yace har Warshu ma yana ciki. Nace wane Warshun? Yace Warshu dai na Alƙur'ani.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ni a makarantar allo na tashi a Katsina, kuma har na yi wayo in akace Warshu abinda ke zuwa raina shine irin rubutun nan namu mai kauri, fa'un ɗigo a ƙasa ƙaf ɗigo ɗaya a sama, cikin gafaka. Daga baya na san sunan mutum ne, amma ban taɓa kawowa a raina cewa yana da kushewa a wani wuri da mutum zai iya takawa da ƙafarsa ya tsaya a kai ya yi masa sallama ba. A motar nan nace masa jibi Juma'a ka shirya.

Da sassafe muka fita, sanyi kamar tsakiyar hunturu, muka bar Yaya da wani abokin karatunsa. Muka hau irin ƙananan bas ɗinsu farare zuwa dandalin Sayyida A'isha, ƙasan ganuwar nan ta Salahuddin da suke kira Ƙal'a. Wurin cunkoso ne na gaske, masu bas na ihun sunayen unguwanni, masu tattabaru da kejinsu saboda ranar kasuwarsu ce, adaidaita sahu da suke kira tuktuk suna kutsawa ta ko'ina. Muka karya da ful da ɗa'amiyya, wato ƙosansu, koren ciki, a cikin gurasa, muka sha shayi a tsaye muka nausa.

Ba nisa daga nan, kusan a cikin hayaniyar ma, yace min Kawu ga Suyuɗi. Ɗan gini ne ƙarami mai ƙubba, an rubuta sunansa a saman ƙofa, in ba an nuna maka ba wucewa zakayi. Na tsaya ina kallo ina tuna watan azumi a gida, duk masallacin da kaje tafsiri da wuya ka ga ba Jalalaini ne a gaban malam ba, mai jan baƙi ya ja, malam ya buɗe ya fassara, to rabin littafin nan, daga Baƙara zuwa Isra'i, wannan bawan Allah dake kwance a nan ne ya rubuta shi cikin kwana 40 yana ɗan shekara ashirin da ƴan kai, ya ƙarasa aikin da malaminsa Mahalli ya fara ya rasu bai gama ba. An haife shi 1445 ya rasu 1505. Da ya kai shekara 40 ya fara janye jikinsa daga mutane, ƙarshe ya koma tsibirin Rauda a tsakiyar kogin Nilu ya duƙufa rubutu, sarakuna su aiko ya ƙi zuwa, har akwai lokacin da Sarki Guri ya aiko masa da dinari 1000 da bawa, ya maida kuɗin ya ƴanta bawan. Abinda yasa na daɗe a wurin kuma shine mu Katsinawa muna da tsohuwar alaƙa da shi, domin ya rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan ƙasarmu, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas, yana ja musu kunne akan adalci da tsoron Allah. Ka duba fa, sama da shekara 500 da suka wuce, ba waya ba jirgi, sai raƙumi da ayari, amma mutumin nan yasan da Katsina. Nayi masa sallama kamar yadda aka koya mana, assalamu alaikum ahlad diyari, nayi masa addu'a muka wuce.

Daga nan muka shiga cikin Ƙarafa sosai, kuma dole in tsaya in bayyana yadda take dan in nace maƙabarta abinda zai zo ranka irin tamu ce, fili da katanga, tudun ƙasa jere jere, fasasshiyar tukunya ko ɗan ƙarfe mai lamba. Tasu gari ce guda mai tituna da lunguna. Kowane dangi suna da abinda suke kira hosh, wato gida ne sosai da katanga da ƙofar ƙarfe da tsakar gida, wani ma da ɗakin zama da bishiya, an manna farin dutse a bakin ƙofa da sunan iyalin. Kabarin kuma a ƙarƙashin ƙasa yake, ɗaki ne ake sauka da matakala, galibi ɓangaren maza daban na mata daban, in anyi rasuwa a ɗaga duwatsun da suka rufe bakin a sauka da mamaci a kwantar da shi kan rairayi cikin likkafaninsa a fuskantar da shi gabas ɗinsu, a fito a maida duwatsu, sai kuma in wani ya sake rasuwa a gidan. Mai kula da wurin sunansa turabi, kuma gado ne, uba ya bar wa ɗa, shi yasan wanda ke kwance a kowane lungu. Ni dai gaskiya raina ya fi kwanciya da irin namu, a haƙa maka naka kai kaɗai, a jera itace a rufe da ƙasa, amma dai kowa da yadda ya taras ana yi a garinsu, kuma na ga suna girmama matattunsu matuƙa. Ranar Juma'a ce, iyalai ne ke ta shigowa har da mata da yara, abinda bamu saba gani ba a wajenmu, sun riƙo ganyen dabino da raihani, suna raba gurasa da dabino sadaka, ga masu karatu ana basu ɗan wani abu suna karanta wa mamaci.

Sannan ga masu rai. Mutane ne ke zaune a cikin hosh ɗin nan da iyalansu, ga shanya, ga dish a saman katanga, yara na buga ƙwallo tsakanin kaburbura, mai sayar da gas na wucewa yana buga tukunyar da ƙarfe. Wata dattijuwa dake zaune bakin ƙofarta ta ganmu baƙi tace itfaddalu, bata barmu ba sai da muka zauna muka sha shayi, tace a nan aka haife ta mahaifinta turabi ne, a nan ta aurar da ƴaƴanta. Wasu gadon aikin ne ya zaunar dasu, wasu tsadar haya ce ta koro su, wasu kuma tun girgizar ƙasar 1992 da ta rushe musu gidaje suka shigo basu fita ba. Na tambaye ta ta bakin ɗan yayata ko bata jin tsoro da dare, tayi dariya tace maƙwabtan nan nata basu taɓa cutar da ita ba.

Dalilin da yasa tun farko aka zaɓi gindin dutsen Muƙaɗɗam ma akwai labarinsa a littattafan tarihinsu. Bayan Amru ɗan Asi (R.A) ya buɗe Masar, sai Muƙauƙis ya nemi ya sayar masa da gindin dutsen akan dinari 70,000, Amru yayi mamakin wannan kuɗi akan wurin da ba ruwa ba shuka, ya rubuta wa Sayyidina Umar, aka tambayi mutumin dalili yace sun samu a littattafansu cewa a nan dashen Aljanna yake. Sayyidina Umar yace mu bamu san wani dashen Aljanna ba sai muminai, kar a sayar, a riƙa binne musulmi a wurin. Shi kansa Amru a nan aka binne shi. Sunan Ƙarafa kuma na wani dangi ne daga Yaman da suka sauka a wurin. Har Mansa Musa na Mali da ya biyo ta Alƙahira zai tafi hajji a 1324 a yankin Ƙarafa aka sauke shi.

Mun biya ta wajen Sayyida Nafisa, daga zuriyar Manzon Allah (S.A.W) ta wajen Sayyidina Hasan, wadda ta rasu 208 bayan hijira, masallacinta cike maƙil dan Misrawa na sonta so mai tsanani, bamu daɗe ba saboda turmutsutsu. Inda na matsa a kaini shine wurin da suke kira Sadatul Malikiyya. Nan Ibnul Ƙasim yake, da Ashhabu, da Asbagu. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu a zaure ya sha jin ance Ibnul Ƙasim yace kaza Ashhabu ya saɓa masa, to gasu nan kwance kusa da juna. Ibnul Ƙasim shekara 20 yayi yana bin Imamu Malik a Madina, ya dawo Masar, Sahnunu ya taso daga Ƙairawan ya zauna gabansa yana tambaya yana bashi amsa da abinda yaji daga Malik, daga nan Mudawwana ta fito, daga ita kuma kusan duk abinda muke yi na alwala da sallah da aure da rabon gado ya gangaro har ya iso mana. Ya rasu 191 bayan hijira. Wurin shiru, ba kowa sai mu sai mai makulli, ƙura ta kwanta akan komai. Abin ya taɓa min zuciya ƙwarai, dan na san da ace a ƙasar Hausa kabarin nan yake da sai an yi layi.

Ƙubbar Imamu Shafi'i kuwa tun daga nesa take kiranka. Babba ce ƙwarai, da katako aka yi ta aka lulluɓe da darma, Sarki Kamil na gidan su Salahuddin ne ya gina ta a 1211, kuma a can ƙololuwarta akwai wani ɗan kwalekwale na tagulla da akace a da hatsi ake zubawa a ciki saboda tsuntsaye. Mun yi sa'a ba a daɗe da gama gyaranta ba, a 2021 aka sake buɗewa, dan haka zanen ciki ya fito raɗau, ja da shuɗi da ruwan zinari, in ka ɗaga kai sai wuyanka ya gaji baka gama kallo ba. Akwatin katakon dake kan kabarin tun 1178 aka sassaƙa shi zamanin Salahuddin, ƙananan guntaye ne aka harhaɗa da ayoyi a jiki, aikin hannu ne da ban taɓa ganin irinsa ba. Shi Imam a Gazza aka haife shi shekara ta 150, shekarunsa na ƙarshe kusan biyar kawai yayi a Masar ya rasu 204 yana da shekara 54, kuma abin sha'awa a filin kaburburan gidan Ibnu Abdil Hakam aka binne shi, gidan malaman Malikiyya ne, sune suka karɓe shi da ya zo garin. Ashhabu ma a shekarar ya rasu, kwanaki kaɗan tsakaninsu.

Wani abu da na gani a wurin ya tsaya min a rai. Ta cikin ramukan shingen da ya kewaye kabarin zaka hango ƴan takardu a ninke an tura su ciki, ɗan yayata yace wasiƙu ne, mutane ke rubuto wa Imam ƙarar wanda ya zalunce su, tsohuwar al'ada ce a wurin har ta gidan waya a da ana aikowa. Ni a fahimtata roƙo Allah ake roƙo, kuma na tabbata da Imam zai yi magana abinda zai faɗa musu kenan. Amma akwai wata mata da na gani ta dafa shingen tana magana ƙasa ƙasa hawaye na zuba, ban iya jin haushinta ba wallahi, tausayi ne ya kamani, dan duk wanda ya kai ga rubuta wa wanda ya rasu shekara 1200 takardar ƙara to ya ƙwanƙwasa ƙofofin masu rai ne ba a buɗe masa ba. Nayi mata addu'a a zuciyata Allah ya bi mata haƙƙinta.

A masallacin dake jikin ƙubbar muka yi Juma'a. Bayan an sauko muka taka zuwa wajen Imamu Laisu ɗan Sa'adu, wanda ya rasu 175, abokin Imamu Malik da suke musayar wasiƙu akan mas'aloli, attajiri ne na gaske amma akace zakka bata taɓa hawa kansa ba saboda kafin shekara ta zagayo ya rabar. Shafi'i da kansa yace Laisu ya fi Malik fiƙihu sai dai almajiransa basu tsaya masa ba. Maganar nan ta sa ni tunani sosai a wurin, dan ga ta a fili, Malik ya samu irin su Ibnul Ƙasim sai gashi har Katsina da Damagaram ana bin mazhabarsa, Laisu kuwa mazhabarsa ta tafi tare da shi. Ibnu Hajar mai sharhin Buhari ma a wannan yankin yake.

Sai Warshu. Mun sha tambaya kafin mu samu, wannan ya nuna can wancan ya nuna nan, har Allah ya haɗamu da wani yaro ɗan gidan turabi yace ya sani, ya shige gaba muna binsa lungu lungu, ya je ya karɓo makulli. Ashe a cikin hosh ɗin wasu iyali yake, kabari ne ɗan madaidaici da allon dutse mai sunansa, babu wata ƙubba irin ta Shafi'i babu masallaci. Sunansa Usmanu ɗan Sa'idu, Bamisre ne, an haife shi 110, ya tafi Madina a 155 ya zauna gaban Imamu Nafi'u ya sauke masa Alƙur'ani sau da dama, kuma Nafi'un ne ya laƙaba masa Warshu saboda tsananin farinsa. Ya dawo gida ya zama shugaban makaranta na Masar har ya rasu 197. Daga nan ruwayarsa ta bi ta Ƙairawan da Andalus da Maroko, ta keto Sahara a cikin gafakar fatake da malamai, ta zo ta zauna a allunanmu.

Na durƙusa daga gefe nayi sallama, sai na rasa me zan ce. Can sai naji bakina ya kama Wadduha da irin karatun da aka biya min ina yaro, wadduhe, wallaili iza saje, da imalar nan tamu, kuma ina farawa sai muryar mahaifinmu Allah ya jiƙansa ta dawo min, dan shi har ya koma ga Allah bai taɓa karatu da Hafsu ba, da asuba in yana tilawa a zaure muna kwance muna jinsa, yuminuna ba hamza, maliki yaumiddini ba ja. Ban kai ƙarshen surar ba kuka ya ƙwace min. Duk gardin da ya kwana gaban wutar tsangaya yana haddar dare, duk alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka da tawadar da ya dafa da hannunsa, duk yaron da aka wanke wa allo, bakin mutumin nan suke kwaikwayo, yadda yaji daga Nafi'u haka ya riƙe haka ya bayar, har abin ya iso bakin wani tsoho a wani zaure a Katsina da bai taɓa ganin Masar ba. Yaron nan mai makulli ya tsaya yana kallona, da na gama ya tambayi ɗan yayata wai mu ƴan ina ne, yace masa Najeriya, yace masu zuwa wurin nan yawanci ƴan Maroko ne da Aljeriya da baƙaƙen fata irinmu, su Misrawa yanzu Hafsu suke karantawa. Na bashi abinda ya sawwaƙa nace ya riƙa share wurin.

Da yamma a hanyar komawa muka leƙa masallacin Rifa'i dake ƙasan Ƙal'a, inda sarakunan baya bayan nan suke, Khidiwi Isma'il, Sarki Fu'ad, Sarki Faruƙ da aka tuɓe a 1952 ya rasu a Rum a 1965, da Shah na Iran da juyin juya hali ya kora ya rasu a Alƙahira a 1980. Marmara ce ko'ina mai sheƙi, an kashe dukiya ba kaɗan ba. Minti ashirin muka yi muka fito, hankalina na can lungun da na baro.

Sai bayan kwana huɗu muka samu komawa, wannan karon ɓangaren arewa da suke kira saharar Mamalik. Nan sarakunan Mamluk suka gina wa kansu makwanci tun suna raye. Wanda ya fi kowanne kyau na Sarki Ƙaitbai ne da aka gama a 1474, shine ma hoton dake jikin takardar fam ɗaya tasu, ɗan yayata ya ciro ta a aljihu muka ɗaga muna gwadawa. Ƙubbar dutse ce zalla amma an sassaƙa ta kamar aikin allura a wuyan babbar riga, taurari da rassan fure sun sarƙe da juna. Shi Ƙaitbai bawa ne aka sayo shi yana yaro, ya taka har ya mulki Masar da Sham da Hijaz daga 1468 zuwa 1496. A kusa da nan ne Shaihu Halilu yake, wajen malaminsa Abdullahi Manufi. Mai Muhtasar kenan, littafin da a wajenmu in akace wane ya sauke shi to an gama magana, alƙalanmu da shi suke hukunci tun kafin zuwan Turawa. Kayan soja yake sawa har ya rasu shi yasa ake masa laƙabi da Jundi, kuma ana cewa yayi shekara 20 a garin bai je ya ga Nilu ba saboda karatu. Ka haɗa da masu Ishmawi da Iziyya da suma Misrawa ne, da Ibnul Hajji mai Madkhal da Shehu Ɗan Fodiyo ke yawan kafa hujja da shi wanda shima a Ƙarafa yake kwance, sai kaga kusan rabin littattafan zauren malam daga garin nan suka fito.

Amma wanda na fito nema a ranar ɗan garinmu ne. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Bakatsine, masanin lissafi da taurari da ilimin hatimi. Ya yi karatunsa a ƙasashenmu, ya tafi hajji wajen 1730, ya zauna a Hijaz, sannan ya zo Alƙahira ya zauna yana koyarwa yana rubutu, kuma abinda ya rubuta akan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda ko ta ina ka tara zasu baka adadi ɗaya har yau masana tarihin lissafi na ambatonsa. A gidan Shaihu Hasan Jabarti ya sauka, babban malamin Azhar, a gidan ya rasu a 1741, ya bar masa wasiyyar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Jabarti, shine ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma shi ya rubuta cewa mahaifinsa ya binne baƙon nasa a Bustanul Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin, ya gina masa kabari ya rubuta sunansa. Mujawirin ɗin nan dama ta mutanen Azhar ce, malamai da almajiran da suka zo daga nesa ajali ya riske su a can.

Muka shiga Mujawirin wajen la'asar. A hanya mun wuce inda aka yanka sabon titi ta cikin maƙabartar a 2020, kaga katangar hosh an datse ta rabi, ga kuma wasu ƙofofin an shafa musu alamar jan fenti, ma'ana suna kan layin rusau, iyalai na zuwa suna kwashe ƙasusuwan iyayensu suna kaiwa sababbin maƙabartu a bayan gari. Na san garin na fama da cunkoso kuma mai rai na buƙatar hanya, amma wurin nan tun 1979 yana cikin tsohuwar Alƙahira da UNESCO ta sa a kayan tarihin duniya, kuma abinda ke cikinsa ba na Misrawa kaɗai bane, muma muna da rabo a ciki. Bayan na dawo gida ma a 2023 sai ga labari ya bazu cewa abin ya matso har wajen kabarin Warshu, mutane daga ƙasashe da dama suka yi ta magana, ranar da na gani a waya ban iya cin abincin dare ba.

Mun tambayi turabi na farko, bai taɓa jin sunan ba. Na biyu yace ko Takruri muke nufi, wato mutumin ƙasashenmu na yammacin Afirka, muka ce eh daga can yake, ya kaimu wani kabari muka karanta allon sai muka ga wani ne daban. Muka yi ta bin alluna ɗaya bayan ɗaya, wasu rubutun ya goge, wasu sun faɗi sun kife, ɗan yayata na share ƙura da hannun rigarsa yana karantowa, wane Almagribi, wane Ashshami, wane Aljawi, mutane daga kowace kusurwa ta duniya sun zo neman ilimi sun kwanta a nan. Har rana ta yi ja bamu ga Alkashinawi ba. Yace Kawu mu haƙura haka, kar duhu ya same mu a ciki.

Akwai wani tsohon turabi dake zaune kan benci yana kallonmu tun ɗazu, ya yafito mu ya tambayi wa muke nema haka. Muka faɗa masa, da shekarar da ya rasu, da gidan da ya rasu. Ya girgiza kai yace Bustanul Ulama dai nan ne inda muke tsaye, amma shekara kusan 300 an binne wasu akan wasu. Sai yace ina ne Kashina ɗin? Na ciro waya na buɗe taswira na nuna masa Alƙahira, na ja da yatsa na gangara ta Libiya, na keta Sahara ta Agadas har na tsaya akan Katsina. Ya daɗe yana kallo, yace da ƙafa? Nace da ƙafa da raƙumi ya Hajji. Yace la ilaha illallah, ya miƙe da ƙyar yana dafa sandarsa, ya gyara tsayuwa ya fuskanci kaburburan ya ɗaga hannu yace to Fatiha ga Shaihu Muhammad Alkashinawi duk inda yake a cikin nan. Mu uku muka karanta, shi da Hafsu ni da Warshu. Ɗan yayata ya yago takarda a littafinsa ya rubuta sunan da shekarar da lambar wayarsa ya bashi, tsohon ya ninke ya tura cikin rawaninsa yace in ya ci karo da allon zai kira. Ana ta kiran magariba daga masallatan unguwar Darrasa muka fito bakin titi neman bas, dan Yaya na can na jiranmu da maganinsa na dare.